Bokiti na Uku

An kai rabin matakalar bene lokacin da Tante Zlata ta ce a tsaya. Maza biyu ne daga asibiti suke ɗauke da ita a kan kujera, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, dukansu suna haki.

"Kai na ƙasan," ta ce, "ba buhun dankali ka ɗauko ba."

"Saura hawa ɗaya, Madam."

"Shekara hamsin da ɗaya ina hawan benen nan. Kai ne za ka gaya mini saura nawa?"

Gella Brandes tana tsaye a kwanar matakalar, jakar cefane a hannunta, ta sauko za ta fita. Gidan tsoho ne, irin ƙuntatattun gidajen unguwar Yahudawa ta birnin Antwerp da ke bayan gadar jirgin ƙasa, matakalarsa ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Ita da tsohuwar duk a hawa na uku suke, ƙofa tana kallon ƙofa. Kowa a gidan Tante yake kiranta, wato gwaggo, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa ba. Wata goma sha huɗu ke nan Gella ba ta gaishe ta ba.

Tsohuwar ta ɗago kai. Ta rame har hular gashinta ta yi mata yawa.

"Ga maƙwabciyata," ta ce wa mazan. "Ku gaishe ta ku. Ita ta daina."

Mazan suka gaishe ta. Gella ta manna bayanta da bango har suka wuce. Ƙafar kujerar ta gogi gwiwarta. Ta sauka ta sayo burodi da albasa.

Shifra, 'yar Gella tilo, ta rasu a watan Janairun bara tana da shekara goma sha tara. Sankarar jini ce. Gella tana gefen gadon. Abu na ƙarshe da ta gani shi ne hannun yarinyar, allurar ƙarin ruwa a bayansa an danne da filasta, sai ƙafafunta cikin safa biyu-biyu, don tun da ciwon ya kama ta kullum sanyi take ji. Nas ta ja mayafi. Mutanen ƙungiyar jana'iza suka zo suka ɗauke ta. Abin da Gella ta sake gani akwati ne na katako a rufe. Uwa ba ta shiga ɗakin wanka, ba a kuma buɗe fuskar mamaci.

Tante Zlata ce shugabar matan da ke wankan gawa, shekara talatin da takwas tana yi. Ita ta wanke Shifra. Kashegarin ranar da aka tashi daga zaman makoki na kwana bakwai, Gella ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta yi tambaya uku. Sun cire allurar? Sun bar mata safarta? Ruwan da sanyi?

"Abin da aka yi a ɗakin nan ba ya fita daga ɗakin," in ji Tante Zlata. "Shigo ki sha shayi."

Gella ba ta shiga ba. Ba a yi faɗa ba. Daga ranar dai, sai ta kasa kunne a bayan ƙofa ta tabbatar matakala ba kowa kafin ta fita. Ta koma shagon da take gyaran tufafi. Tana cin abinci, tana barci, tana kunna kyandir ɗin shigar ranar hutu duk Juma'a da yamma. Ba ta yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba haƙurinta. In ta rufe ido, hannun nan take gani da filastarsa, ba ta iya tuno sauran yarinyar.

"Likita ya ce sati biyu, in ta kai," in ji Kalman, mijin Gella, da yamman ranar da aka dawo da Tante Zlata, yana cire takalmi. "Ɗanta Pinkas yana tahowa daga Manchester. Ki kai mata miya."

"Tana da nas."

"Nas ba ta dafa miya. Miyar kaza ce kawai, Gella, ba sulhun ƙasashe na ce ki yi ba."

Sai a rana ta huɗu ta kai. Nas ce ta buɗe, wata doguwar mace mai magana ƙasa-ƙasa. An dawo da gadon falo, kusa da taga, inda ake ganin jiragen ƙasa suna wucewa a kan gada. Tukunyar iskar numfashi tana huci a gefe. A kan tebur akwai littafin Zabura, kwalaben magani shida, da rabin lemo da ya bushe.

Tante Zlata ta sha cokali biyu ta kawar da kai.

"Ba gishiri. Tun kina amarya haka kike."

"Likita ya hana ki gishiri."

"Likita yaro ne. Na wanke kakarsa." Ta huta, ta ja iska. "Buɗe aljihun teburin can na ƙasa."

Gella ta buɗe. Likkafani ne na farin lilin a ninke, an naɗe shi da takarda.

"Ni na ɗinka. Duba ɗinkin, ke ce gwana."

"Ba laifi."

"Ba laifi! Ji mata." Ta yi tari. "Na gaya wa Feiga, wadda ta gaje ni. Ke ce ta uku."

"Ta uku a me?"

"Kada ki maida ni sakarya, ba ni da lokacin. Mata uku ake buƙata a wankana. Feiga, Ruhama, ke."

"Ban taɓa taɓa gawa ba."

"Ni ma ban taɓa mutuwa ba. Duk za mu koya."

Jirgi ya wuce, gilashin tagar ya yi rawa. Gella ta mayar da lilin ɗin ta rufe aljihun.

"Tambaya uku na yi miki," ta ce. "Uku kacal."

"Da na amsa uku, da kin dawo da talatin. Ba ke ce uwa ta farko da ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. In na ce an yi a hankali, sai ki koma ki kwanta ki ce, to me za ta ce dama? Bakina ba zai ishe ki ba. Kuma ba nawa ba ne da zan bayar, na yarinyar ne." Ta ɗaga hannu ta nuna kanta. Akwai allura a bayan hannun, an danne da filasta. "Wannan nawa ne. Ki zo ki gani. Ba abin da zan ɓoye sai tumbi, shi ma ya tafi."

"Ban ce zan zo ba."

"Wa ya tambaye ki? Ɗauki kwanonki."

Tante Zlata ta ƙara kwana tara. Kullum da rana Gella tana kai miya ta miƙa wa nas a bakin ƙofa, ba ta shiga. Daga kwana na biyar kwanon yana dawowa yadda ya tafi. Pinkas ya iso, mutum mai furfura a gemu, yana sauka matakala a kan yatsun ƙafa. Ta bango ana jin muryarsa yana karatu, wani lokaci a ji ta uwar tana gyara masa. Daga baya sai tasa kaɗai.

Ranar Talata da safe Gella ta shiga kicin ta tarar da Kalman yana juye butar shayi a wurin wanke-wanke. Ya juye tulun ruwan sha, ya ɗauki kofin da ta bari jiya a kan tebur, shi ma ya zubar. Haka maƙwabta suke yi da duk ruwan da ya kwana a buɗe in an yi mutuwa kusa, ba sai an faɗa da baki ba.

"Yaushe?" ta ce.

"Bakwai saura kwata."

Ƙarfe takwas waya ta yi ƙara. "Feiga ce. Ƙarfe goma. Ki sa takalmin da ba kya so." Aka kashe kafin Gella ta ce komai.

Ta wanke kofunan. Ta share kicin. Kalman yana kallonta. Tara da rabi ta ɗauko tsohon takalminta na ruwan sama daga ƙarƙashin gado.

Gidan wankan ƙaramin gini ne na jan bulo a bayan wani tsakar gida, ba allo a ƙofarsa. A ɗakin farko mata biyu suna sa rigunan leda. Madam Feiga gajeriya ce, tsohuwar malamar lissafi, ita ta gaji shugabancin tun da Tante Zlata ta kwanta. Ruhama kuwa ƙatuwa ce, matar mai gidan burodi, har da gari a gefen hannun rigarta.

"Ta zo!" in ji Ruhama. "Feiga, na ce miki za ta zo. Wa ya isa ya ƙi Zlata? Ta zaɓe ki ne don ta samu wadda za ta yi wa faɗa har a can."

"Ruhama, ƙarasa surutunki a nan," in ji Feiga. Ta juyo ga Gella ta miƙa mata riga da safar hannu. "A ciki ba a magana sai ta aiki. Ba a miƙa komai ta samanta, zagayawa ake yi. Ba a juya mata baya. Inda ake wankewa kaɗai ake buɗewa. A ƙarshe akwai bokiti uku. Ni zan fara zubawa. Kafin nawa ya ƙare Ruhama ta fara, kafin nata ya ƙare ke ki fara. Ruwan kada ya yanke. In ya yanke, daga farko za a sake. Kin gane?"

"Na gane."

"In za ki faɗi, ki faɗi ta baya."

Ɗakin farin tayil ne har sama. Tebur na ƙarfe a tsakiya, ya ɗan karkata wajen magudana. Kyandir ɗaya yana ci a saitin kai. Tante Zlata tana ƙarƙashin farin mayafi, ba ta fi yarinya 'yar shekara goma sha biyu girma ba.

Feiga ta tsaya a wajen kai. "Zlata 'yar Menashe," ta ce da muryar da ake yi wa mai barci magana, "mu ne. Feiga, Ruhama, Gella. Mun zo shirya ki. In muka yi kuskure ki yafe mana, don girmanki muke yi."

Ta tari ruwa a kwano. Ta zame safar hannunta kaɗan, ta tsoma wuyan hannu a ciki, ta girgiza kai, ta ƙara na zafi. Ta sake tsomawa. Sannan ta miƙa wa Ruhama.

Gella ta bi kwanon da ido. Tururi yana tashi kaɗan-kaɗan daga bakinsa.

Suka fara da kai, sannan gefen dama. Ruhama tana ɗaga mayafin daidai faɗin tafin hannu, Feiga ta wanke, a shanya, a rufe, a matsa gaba. Feiga tana karanta ayoyi ƙasa-ƙasa. In za a juya ta, Ruhama takan tallafe kan da hannu biyu kada ya taɓa ƙarfen. Aikin Gella riƙe kwano ne da canja ruwa. Sau biyu Feiga ta mayar da ita famfo. "Ya huce."

Da suka zo hannun hagu, ga filastar nan, da allurar a ƙarƙashinta. Feiga ta matsa gefe.

"Ke. Jiƙa ta tukuna. Kada ki ja, fatar ta yi laushi."

Gella ta ajiye kwanon. Ta ɗiga ruwa a gefen filastar, ta jira, ta ɗaga kusurwa ɗaya, ta sake ɗigawa. Ruwa ya shiga cikin safar hannunta. Hannun tsohuwar yana kwance a nata, ba nauyi. An ɗauki minti huɗu ko biyar, ba wanda ya ce ta yi sauri. Da filastar ta fita, Feiga ta zare allurar, ta danne wurin da auduga, ta riƙe. Audugar ta ɗauki ɗigon jini ɗaya. Gella ta waiga tana neman kwandon shara.

"A'a," in ji Feiga. Ta buɗe wata 'yar jaka ta lilin. "Nata ne. Da shi za ta tafi."

Shatin gam ɗin da ya rage a fata, Ruhama ta goge shi da ɗan mai har ya ɓace. Suka tsabtace farce ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Suka taje gashin, abin da ya fita a mataji shi ma ya shiga jakar.

Aka cika bokitai uku. Aka ɗaga kan teburin. Feiga ta fara zubawa daga kai, ruwan yana bin jiki yana sauka. Ruhama ta karɓa ta gefen dama. Gella tana gefen hagu, bokitinta a ƙirji. Ruwan ya zame mayafin daga ƙasa, ƙafafun tsohuwar suka fito, ƙanana, farare, ba komai a kansu. Gella ta tsaya tana kallonsu. Ba tunani take yi ba. Ta ji ƙarar ruwan Ruhama tana raguwa, ta koma ɗiga, ta tsaya. Bokitinta yana nan cike.

"Ya yanke," in ji Feiga. Ta sunkuya ta rufe ƙafafun. "A sake cikawa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Muryar namiji ce. "Madam Feiga, mota tana jira. Maƙabarta ba nan kusa ba ce, sai mun tsallaka iyakar ƙasa."

"Ta jira," in ji Feiga, ba ta waiga ba.

Gella ta ajiye bokitin. "Ku nemo wata."

"Ke ta ce."

"Ba zan iya ba."

"Kin cire filastar. Ɗauki." Feiga ta sa hannu a ruwan bokitin Gella, ta zubar da rabi, ta ƙara na zafi.

Ruhama ta zagayo ta wajen ƙafa, ta gyara mata riƙon, hannu ɗaya a baki ɗaya a gindi. "Kada ki kalle ta," ta raɗa mata. "Bokitina za ki kalla. In kin ga gindinsa, zuba."

Feiga ta fara. Ruhama ta karɓa. Gella ta zuba ido a bokitin Ruhama yana karkata, har ta ga ƙarfen gindinsa. Ta karkata nata. Ruwa biyu suka haɗu a kafaɗar tsohuwar suka sauka tare. Bokitin yana da nauyi fiye da yadda ta zata, ta riƙe shi har ɗigon ƙarshe.

"Tsarkakakkiya ce," in ji Feiga da Ruhama. "Tsarkakakkiya ce." A na uku da muryar Gella a ciki.

Nan take suka lulluɓe ta da busasshen mayafi. Shanyawar ta fi wankan daɗewa: bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, tsakanin yatsun ƙafa. Feiga ta warware takardar ta fito da lilin ɗin da Tante Zlata ta ɗinka. Hula, riga, wando, doguwar riga ta sama, ɗamara. Ta miƙa wa Gella wandon.

Gella ta buɗe shi tana neman bakin ƙafa. Babu. An ɗinke ƙasan kowace ƙafa ruf, kamar safa. Ta juya shi ta duba ɗinkin ta ciki.

"Haka ake yinsa?" ta ce.

"Haka ake yinsa."

"Na kowa?"

"Na kowa. Ƙafar dama tukuna."

Ta sa ƙafar dama, ta sa ta hagu, ta ja lilin ɗin har diddige ya zauna a wurinsa. Ta riƙe ƙafar a tafin hannunta ɗan lokaci. Igiyoyin ba a ƙulla su ba, murɗawa suka yi sau huɗu, ita da Ruhama, kowacce da baki ɗaya a hannu. Suka ɗauke ta su uku suka sa a akwati, jakar lilin a gefen ƙafarta. Feiga ta yayyafa ƙasa daga wata 'yar takarda.

Kafin a rufe, kowacce ta tsaya a wajen kai ta nemi gafara. Feiga ta yi. Ruhama ta yi, tana jan hanci. Gella ta matso.

"Zlata 'yar Menashe, ki yafe mini ruwan da na yanke." Ta ɗan tsaya. "Da gaisuwar da na yanke miki a bene."

Feiga tana ninke tawul, ba ta ɗago ba. Suka fita da baya-baya, fuskarsu ga akwatin, maza suka shiga.

A tsakar gidan akwai famfo da kofi mai hannu biyu. Suka wanke hannu, dama da hagu, sau uku-uku. Ruhama ta sauke numfashi.

"Sau ɗaya kawai kika yanke? Ni ranar farko sau uku. Zlata ta jira har muka fito nan, ta ce mini, Ruhama, in shayar da gona kike so ki yi, ki koma ƙauye." Ta yi dariya, ta share ido da gefen hannu. "Bari in je, na bar mutumin nan shi kaɗai da tanda."

Gella da Feiga suka rage. Ana fito da akwatin zuwa mota. Pinkas yana biye, an yage masa gaban riga alamar makoki.

"Kina nan ranar?" in ji Gella. "Ranar Shifra."

"Ina nan."

"Haka aka yi?"

Feiga ta sa maɓallin rigar sanyinta har wuya. Ta dubi motar.

"Hanya ɗaya muka iya," ta ce.

Matan unguwa suka bi motar a ƙafa har kwanar titi, kamar yadda aka saba, sannan ta ƙara gudu suka tsaya. Kalman yana cikin motar da ke biye, ya ɗaga mata hannu ta gilashi. Mutane suka watse.

Gella ta taka zuwa tashar tiram, ƙaramin jirgin cikin gari, ta zauna a benci. Sha biyu saura minti goma. Ta ɗora hannayenta a cinya. Ta juya tafukan sama. Kan yatsun duk sun yamushe, irin yadda suke yi in an daɗe ana yi wa yaro wanka.

Tiram ya zo ya tsaya. Ƙofa ta buɗe. Direban ya dube ta ta madubi, ya ɗan jira, ya rufe ya tafi. Ta ci gaba da kallon yatsunta.